Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Juya Ma'ana

   

Yau za mu taɓa Turanci, amma kada ki ce wannan ba naki ba ne ki kau da kai. Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take zuwa, haka wasiƙar makarantar yara, haka fom na banki, haka saƙonnin da ke shigowa wayarki dare da rana. Mata da yawa sun yi firamare da sakandare, suna iya karanta kowace kalma a takarda, amma in an ce su faɗi abin da takardar take nufi sai a ga sun yi turus. Sau da yawa kuma manyan kalmomi ba su ne ke kayar da su ba. Wasu 'yan ƙanana ne, irin su "up", "off", "out", "on" da "away", waɗanda ke biyo bayan aikatau su juya masa ma'ana. Turawa suna kiran irin wannan haɗi "phrasal verb". Mu a nan bari mu kira shi aikatau mai 'yar rakiya, domin kamar amarya yake, ba ya tafiya shi kaɗai.

Ga misali don ki ga nauyin abin. A ce wata 'yar'uwarki tana kwance a asibiti a Legas, sai aka turo miki saƙo cewa "she passed out". Ma'anarsa ta suma. Da an rubuta "she passed away", to wannan rasuwa ce. Aikatau ɗaya ne, wato "pass", 'yar rakiyar ce kawai ta bambanta, amma na farko addu'ar samun sauƙi za ki yi, na biyu kuwa zaman makoki ne. Wadda ba ta san bambancin ba tana iya tayar da hankalin dangi gaba ɗaya kafin a gano gaskiya. Sannan a nan Nijeriya "pass out" yana da wata ma'anar ta daban: matasan da suka gama shekarar yi wa ƙasa hidima, tsarin da aka kafa a 1973, da sojoji da 'yan sanda da suka kammala horo, duk akan ce sun yi "passing out". In kin ji an ce ɗanki zai yi wannan a mako mai zuwa, shirin murna za ki yi.

To, kada gabanki ya faɗi, domin Hausarmu ma cike take da irin wannan. Ɗauki kalmar "ci". Kowa ya san cin tuwo. Amma muna cewa ya ci amana, ta ci bashi, ya ci jarrabawa, an ci mutuncinta, mu ci gaba, ana cin kasuwa. A cikin waɗannan duka babu inda aka kai loma baki. Ɗauki "sa": sa ido, sa baki, sa hannu, sa rai, sa kai. Baƙon da ya zo koyon Hausa in ya ji an ce "dattawa sun sa baki", sai ya tsaya yana tunanin a ina suka sa bakin. Ke kuwa ba ki taɓa tsayawa kin rarraba kalmomin ba, a dunƙule kika koye su tun kina goye. Haka ɗan Bature ya koyi "give up" da "put off", kuma haka ya kamata ke ma ki koye su, a dunƙule.

Akwai ma wata kamar da ta fi wannan. Wani masanin Hausa ɗan Ingila, F. W. Parsons, ya fitar da bayani a 1960 inda ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai bisa yadda ƙarshensu ke sauyawa. Dubi saya, sayo, saye, sayar. Dubi zuba, zubo, zube, zubar. Dubi fita, fito, fitar. Wasalin ƙarshe muke sauyawa, sai ma'ana ta koma wani gefen. Aikin da wannan wasali ke yi mana, shi 'yar rakiya ke yi wa Bature. Mu mukan ce ci da cinye, shi ya ce "eat" da "eat up". Mu ce sha da shanye, shi ya ce "drink" da "drink up". Mu ce zubar, shi ya ce "pour away". Kin ga ashe kanki ya riga ya saba da wannan dabara, sutura kawai ta sauya.

Wata za ta ce, to me ya sa Turawa ba su tsaya ga kalma ɗaya ba? Tarihi ne ya kawo haka. A shekarar 1066 Normandawa daga ƙasar Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon lokaci, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin Turanci. Talakawa kuwa suka ci gaba da amfani da gajerun kalmominsu na gado. Shi ya sa yau abubuwa da yawa suke da suna biyu, na ofis da na gida. "Continue" da "go on" duk ci gaba ne. "Postpone" da "put off" duk ɗagewa ne. "Discover" da "find out" duk ganowa ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci sukan gane na ofis ɗin da sauri, domin ya yi kama da abin da suka sani, na gidan ne ke ba su wahala. Kuma su ma abin ya shafe su, tunda a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan wahala ba yau ta fara ba. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamus na Turanci a 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi yana cikin abin da ya fi wahalar da baƙo. Sunan "phrasal verb" kuma ya yaɗu ne bayan wani marubuci, Logan Pearsall Smith, ya yi amfani da shi a littafinsa na 1925. Saboda haka in sun ba ki wuya, ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba.

Yanzu bari mu bi su wuri wuri, mu fara da asibiti, domin can ne kuskure ya fi tsada. In likita ya ce "cut down on salt", ki rage gishiri yake nufi. In ya ce "cut out sugar", ki daina sukari ɗungurungum. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ta haɗa waɗannan biyu ta ɗauke su abu ɗaya, tana iya cutar da kanta. "Throw up" amai ne. "Come round" farfaɗowa ce bayan suma ko bayan allurar barci. "Break out in a rash" shi ne ƙuraje su feso a jiki. "Wear off" shi ne ƙarfin magani ya sake, kamar allurar kashe zafi bayan ɗinki. "Carry on with the tablets" ki ci gaba da shan ƙwayoyin ke nan, ko da kin ji sauƙi. "Run out of" ƙarewa ce, in an ce ki dawo "before you run out of medicine", ana so ki dawo kafin maganin ya ƙare. A jikin kwalabe kuma za ki ga an rubuta "keep out of reach of children", wato a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. Shawarata a nan ita ce, komai iya Turancinki, in likita ko nas ta faɗi abin da ba ki tabbatar ba, ki ce a maimaita miki da Hausa, ko a kira wanda zai fassara. Kunyar tambaya ba ta kai ciwon shan magani ba daidai ba.

Sai makarantar yara. In wasiƙa ta zo cewa taron iyaye "has been put off", an ɗage shi ne zuwa wata rana, ki saurari sabuwar sanarwa. In aka ce "called off", an soke shi ne gaba ɗaya. "Hand in" miƙa aiki ne ga malami, "hand out" kuwa rabawa ne. In malama ta rubuta a katin sakamako cewa yarinya "is falling behind", tana nufin 'yan ajinsu suna barin ta a baya, kuma tana bukatar ta "catch up", wato ta kamo su. "Drop off" shi ne ki sauke yaro a makaranta, "pick up" ki ɗauko shi, amma "drop out" shi ne ya bar karatu bai gama ba, Allah ya kiyashe mu. Ki lura kuma da "break up". In an ce makaranta "breaks up on Friday", hutu za a yi ranar Juma'a. In an faɗe shi a kan saurayi da budurwa, to sun rabu.

Uwa ta sani cewa waɗannan kalmomi suna fitowa a jarrabawar Turanci ta kammala sakandare, ta WAEC da aka kafa a 1952 da ta NECO da aka kafa a 1999, musamman a ɓangaren zaɓen amsa. A ba yaro jimla da gurbi a ce ya zaɓi "off" ko "out" ko "up". Kuma kin san sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a a ƙasar nan. Yarinyar da ta iya lissafi da kimiyya tana iya zaman gida shekara guda saboda Turanci kaɗai. Don haka in kin koya, ba kanki kaɗai kika taimaka ba.

Mu leƙa banki da waya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, irin waɗannan kalmomi suka shiga bakin kowa. "Top up" ƙara kuɗi ne a waya, "hang up" katse kira, "call back" sake kiran wanda ya kira ki. "Sign up" yin rajista, "log in" shiga asusu, "log out" fita daga cikinsa. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau, in kin shiga asusunki a wayar wani, kada ki miƙa masa sai kin fita. A banki kuma "fill in" ko "fill out" duk cike fom ne, na farko ya fi yawa a bakin mutanen Ingila, na biyu a bakin Amurkawa. "Pay in" zuba kuɗi, "take out a loan" cin bashi, "pay back" biyan bashin, "pay off" kuma biyan sa kakaf har a rufe littafi. In an "turn down" takardarki, an ƙi amincewa da ita. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki gane 'yan rakiyar da ke cikinta ba, ki kai wa wanda kika yarda da shi ya duba tukuna.

A cikin gida ma suna nan. "Look after" kula ne, kamar kula da yaro ko mara lafiya. "Look for" nema ne. "Look into" bincike ne. "Look up to" ganin girman mutum ne, "look down on" kuwa raini. "Bring up" tarbiyyar yaro ce, kuma yana nufin tayar da wata magana a zama. "Take after" shi ne ɗa ya ɗauko kamannin uwa ko halin uba. "Put up with" haƙuri ne da abin da ba a so, kalmar da matan aure suka san aikinta ko ba su san Turancinta ba. "Make up" kuwa, wanda kowa ta sani da kwalliya, yana nufin shiryawa bayan saɓani, yana kuma nufin ƙirƙiro labarin ƙarya. A madafa za ki ji "boil over", tukunya ta tafaso ta zube, da "turn down the heat", a rage wuta. Sai "go off" mai fuska da yawa: madara in ta yi "go off" ta lalace, agogo in ya yi ya kaɗa, fitila in ta yi ta mutu. Abin da ake magana a kai shi zai nuna miki wacce ake nufi, kamar yadda kike gane "ya ci" na tuwo da "ya ci" na zaɓe.

Wata za ta ce, malama, ai waɗannan sun yi yawa, yaya za a haddace? To akwai 'yar dabara. Kowace 'yar rakiya tana da halin da ta fi nunawa. "Up" takan nuna kammalawa, kamar wasalin nan namu na cinye da shanye: "use up" ƙarar da abu, "lock up" kulle ko'ina. "Off" takan nuna yankewa ko rabuwa: "cut off", "switch off", "take off" na tuɓe riga ko tashin jirgi. "Out" takan nuna fita ko ƙarewa: "go out", "sell out". "Back" komawa ce: "give back", "come back". "On" ci gaba ne: "go on", "keep on". "Down" raguwa ce ko sauka: "slow down", "calm down". Wannan dabara za ta taimake ki ki yi hasashe, amma ba kullum take ci ba. "Give up" daina abu ne ko sallamawa, "give in" kuma miƙa wuya ne bayan an matsa wa mutum, kuma babu dabarar da za ta gaya miki haka sai koyo.

Akwai ƙa'ida guda ta jera kalmomi da ya kamata ki sani. Wasu daga cikinsu ana iya raba su a sa suna a tsakiya: "turn off the light" da "turn the light off" duk daidai ne. Amma in wakilin suna ne, irin su "it" ko "him" ko "them", dole ya shiga tsakiya. Sai ki ce "turn it off", ba a cewa "turn off it". Wasu kuma ba sa rabuwa ko kaɗan. "Look after the baby" ake cewa, ba a raba "look" da "after". Masu 'yan rakiya biyu, irin su "put up with" da "run out of" da "look forward to", su ma a haɗe suke tafiya.

Sai kuma Turancinmu na gida. Mun saba jin "off the light" da "on the fan", an jefar da aikatau an bar 'yar rakiya ita kaɗai. A hira kowa zai gane, amma a jarrabawa ko wasiƙar neman aiki sai an ce "switch off" ko "turn on". Haka "cope up with", daidai shi ne "cope with". Masu gabatar da taro sukan ce za su "round up", alhali kammalawa "round off" ne, "round up" kuwa tattarowa ne, kamar yadda 'yan sanda ke tattaro waɗanda ake zargi. Ba kuma duk abin da muka ƙirƙira ne kuskure ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, ciki har da "Kannywood" da "put to bed" da muke faɗa in mace ta haihu. Sai dai ki sani, in kin faɗa wa Baturiyar Ingila "she has put to bed", za ta jira ki faɗi wanda aka kwantar, domin a wurinta kwantar da yaro barci ne. Kowace magana da wurin da take ci.

To yaya za ki fara? Ki samu ɗan littafin rubutu ki ware shi don wannan. Kowane mako ki ɗauki guda 5 kacal, daga wuri ɗaya, wannan mako na asibiti, mai zuwa na makaranta. Kada ki rubuta kalma tsirara, ki rubuta ta a cikin jimla da ta shafi gidanki, ki sa Hausarta a ƙasa. Guda 5 a mako, in shekara ta zagayo kin tara 260. Ki riƙa faɗin su da baki kina aiki, ki gwada su a kan yara: in za ki ce su shanye koko, ki ce "drink it up". Za su yi dariya, su gyara miki, ku ƙaru gaba ɗaya. In za ki duba ƙamus, ki nemi aikatau ɗin tukuna, 'yan rakiyarsa suna jere a ƙarƙashinsa. Ƙamus na masu koyo na A. S. Hornby, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948 kuma ake ta sabunta shi, yana ba da misalai a jimla, kuma yanzu ana samun irinsa a waya. Akwai kuma Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner da ya fito a 1965. Sannan ki riƙa sauraron labaran Turanci bayan kin ji na Hausa, tunda kin riga kin san labarin, kunnenki zai fi kama kalmomin.

In akwai mai ganin koyon harshen wasu bai dace da 'ya mace musulma ba, sai mu tuna cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa, kuma ya koya cikin 'yan kwanaki. Harshe makami ne na kare kai. Maigida kuma, in kana kusa kana ji, ka taimaka da ƙamus da ɗan lokaci, domin ranar da ba ka gida ita za ta karanta takardar maganin ɗanka.

Kafin mu rabu ga ɗan gwaji. In an ce "the wedding was called off", me ya faru? In an ce "she takes after her mother" fa? In kuma nas ta ce "the pain will come back when the injection wears off"? Ki tsaya ki yi tunani kafin ki ci gaba. Na farko, an fasa bikin. Na biyu, ta ɗauko mahaifiyarta. Na uku, zafin zai dawo in ƙarfin allurar ya sake. In kin ci biyu cikin uku, madalla. In ba ki ci ko ɗaya ba, ki rubuta su ukun nan a shafin farko na littafinki, ki ƙara "pass out" da "pass away", kin ga aikin makon nan ya samu ke nan.

A nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.